Darasi na Tara: Auna Fahimta – Tseren Kaɗaici a Teku

Ɗalibin da ya saba ganin masunta cikin kwalekwale a gulbin Rima, kusa da Dundaye, ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne. To, ina ga teku?

Tun 1989 ake gudanar da gasar Vendée Globe daga gaɓar tekun Faransa. Sharaɗinta shi ne mutum ɗaya tak ya kewaye duniya cikin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska, ba yada zango, ba mataimaki. Masu bibiyar gasar daga gida sun dogara ne ga saƙonnin rediyo da na tauraron ɗan'adam.

A watan Disamba na 1996, guguwa ta kifar da jirgin Raphaël Dinelli a kudancin Ostareliya. Da labari ya iske Pete Goss, ɗan Ingila, sai ya juya akalar jirginsa, ya tunkari iskar na tsawon mil 160 har ya tsamo abokin hamayyarsa da rai. Goss ya ƙare a matsayi na biyar, kuma Faransa ta karrama shi da babbar lambar yabonta. Cikin jirage 16 da suka tashi, 6 kaɗai suka kammala bisa ƙa'ida.

Jinga
1. Kawo sharuɗɗan gasar guda uku.
2. Me Goss ya sadaukar, me kuma ya samu?
3. Danganta labarin da karin maganar “rai ya fi dukiya”.