Ofishin da Ya Yi Kama da Gida

Tambaya: Wani mai zanen tallace-tallace a Race Course, Kumasi, yana son ofishinsa mai ɗaki ɗaya ya yi daɗin zama kamar gida.

Amsa: Tun da Kumasi gari ne mai damina biyu a shekara, danshi ne ya kamata mai tambaya ya fara lura da shi, domin kafet da kujerun soso kan riƙe shi har su yi wari, saboda haka tabarma da bencin katako irin na kafintocin Sokoban sun fi dacewa. Teburin aiki ya zauna gefen taga, yadda haske zai shigo ta kafaɗa ba tare da fuskar kwamfuta ta dushe ba. Ƙyallen kente na Bonwire guda ɗaya ya ishi bango, don yawan launi kan rikita idon mai zane. Kusurwa guda kuma a ware ta domin darduma da buta.