Yadda Ake Gina Kalma a Turanci

Yaro in ya fara karatun Turanci, ba abin da ya fi ba shi tsoro kamar doguwar kalma. Da ya hango ta sai ya tsallake. To, wannan kuskure ne, gama yawancin dogayen kalmomin nan haɗa su aka yi daga guntaye, kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye ya ɗinka riga. Wanda ya san ɗinkin kuwa ya san inda zai farke.

Ainihin kalma shi ake kira saiwa. Abin da aka liƙa mata a gaba sunansa ɗafa-goshi, na baya kuwa ɗafa-ƙeya. Mu ma muna da irin wannan a Hausa. Daga noma muka sami manomi, daga ƙira muka sami maƙeri. Wannan ma- da muke sawa a goshi tana nuna mai yin aikin. Su Turawa a ƙeya suke sa tasu, watau -er. Farm noma ne, farmer manomi. Drive tuƙi ne, driver matuƙi, daga nan muka aro direba. Haka kuma labourer ya zama lebura a bakinmu.

Akwai waɗansu ɗafa-ƙeya guda 2 da ya kamata ku riƙe sosai, su ne -ful da -less. Na farko yana nufin "mai", na biyu "marar". Care ita ce kula. Saboda haka careful mai kula ne, careless marar kula. Harm cuta ce. Abin da aka ce harmful yana cutarwa, wanda aka ce harmless ba ya cutarwa. Kun ga 'yan baƙaƙe kaɗan sun raba abin tsoro da abin da ba kome.

A goshi kuma akwai un- da in-, waɗanda sukan juya ma'ana. Rijiyar da aka rubuta safe a bakinta ba hatsari, wadda aka rubuta unsafe kuwa a guje ta. Correct daidai ne, incorrect ba daidai ba.

Yanzu mu farke unkindness, mai baƙaƙe 10. Saiwarta kind, watau mai kirki. In an ƙara -ness ta zama sunan halin, watau kirki. In an sa un- a goshi ta zama rashin kirki. Shi ke nan, dodo ya zama ɗan akuya.

Amma fa a yi hattara, ba kullum dabarar nan ke ci ba. Corn hatsi ne, amma corner ba manomin hatsi ba ne, kusurwa ce. Wadda ta fi hatsari ita ce inflammable, da akan rubuta a jikin motar fetur. Kada ku ga in- ku ce ba ya kama wuta. Nufinta abin yana saurin kama wuta, kada a kusato da ashana. In kun yi shakka, ku duba ƙamus ko ku tambayi malam.

Daga ƙarshe, ku lura da ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama don nuna mallaka. The boy's goat akuyar yaro ɗaya ce. The boys' goat kuwa ta yara da yawa ce. Wanda ya kuskure wurinsa ya ba akuya ga wanda ba mai ita ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya?
2. Use amfani ne. Mece ce ma'anar useful da useless?
3. Ku farke unhappiness, ku nuna guntayenta.
4. Don me ba a kunna ashana kusa da abin da aka rubuta wa inflammable?