Ciwon da Ya Ƙi Tafiya da Fargabar da Ke Biye da Shi: Shawarwari Bakwai

Daga Wurma zuwa Kurfi da Dutsin-Ma, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai kukan baya, ƙugu ko gwiwa ba: maigida bayan huɗa, uwargida bayan daka da jan ruwa. Ciwon da ya haura wata 3 likitoci na ɗaukarsa cuta mai zaman kanta, kuma yakan taho da faɗuwar gaba da rashin barci. Ga abin da ya kamata ku sani, musamman in an kawo muku labarin allurar Sinawa mai lantarki.

1. Ku san abin kafin ku kashe kuɗin mota.
Siraran allurai ne marasa ruwan magani, ana tsira su a jiki a haɗa su da ƙaramar na'ura mai sakin lantarki kaɗan-kaɗan. Binciken Farfesa Han Jisheng na Jami'ar Peking ya nuna hakan na sa ƙwaƙwalwa da laka su saki nasu maganin ciwo, dangin endofin. Bugu 2 a daƙiƙa na fito da wani iri, bugu 100 na fito da wani daban.

2. Kada ku raina fargabar mai ciwo.
Sassan ƙwaƙwalwar da ke auna zafin ciwo suna haɗe da masu kula da tsoro, shi ya sa kowanne ke hura wutar ɗan'uwansa, balle a yankin da 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutane barci. Gwaje-gwajen da suka nuna allurar na lafar da waɗannan sassa yawanci a kan ɓeraye aka yi su. Don haka duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa kakaf, ku riƙe aljihunku.

3. Asibiti tukuna.
In ciwon baya ya zo da rama, zazzaɓi, zufar dare, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ku nufi Babban Asibitin Dutsin-Ma ba tare da jira ba, domin tarin fuka ma na cin ƙashin baya. Daga can ana iya tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ku tambayi sashen gashi, inda ake koya motsa jikin da ya dace da kowane ciwo.

4. Ku motsa, ko da kaɗan ne.
Kwanciya wuni guda na ƙara sandarar da jiki. Tafiyar minti 15 bayan la'asar na iya tsokano endofin ɗin nan kyauta, sai a bi da gashi da tsumma da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. In za a ɗaga buhu ko bokiti, a durƙusa da gwiwa, kada a sunkuya da baya.

5. Ku rage zaryar kemis.
Shan Diclofenac da Ibuprofen kullum na iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, Tramadol kuwa kama mutum yake yi, ranar da babu shi fargabar ta ninka. A 2021 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a fara ba masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano tushensa ba irin waɗannan ƙwayoyi, ta fifita motsa jiki, tattaunawa da ƙwararre da allurar Sinawa. Wanda ya riga ya saba da Tramadol kada ya yanke lokaci guda, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

6. Kada ku gwada a gida.
Allurar ɗinki da batirin babur ba su ne wannan magani ba, kuma allurar da ta zarce a ƙirji na iya huda huhu. Masu zuwa kaho kuma su saya wa wanzami sabuwar reza da kuɗinsu, saboda ciwon hanta da ƙanjamau na bin jini.

7. In kun samu ƙwararre, ku yi tambaya ba kunya.
A ina ya yi karatu, zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin duka, kuma a gabanku zai ɓare sabbin allurai? Mai juna biyu, mai farfaɗiya da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa su faɗa tun kafin a fara. Wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya kuwa, lantarkin ba nasa ba ne sam.