Darasin Turanci: "Live" da "Leave"

'Yan makaranta, akwai kalmomi biyu na Turanci da suke yawan ba mu wahala a rubutu da magana, wato "live" da "leave". A kunne kamar ɗaya suke, amma ma'anarsu ta yi hannun riga. "Live" shi ne zama a wuri, ko kuwa rayuwa. "Leave" kuwa shi ne barin wuri, mutum ya tashi ya tafi.

Bambancin yana cikin wasalin tsakiya. A "live" gajere ne, a "leave" kuma sai an ja shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ku faɗi "gari" na zama, sa'an nan ku faɗi "gari" na tuwo. Ko ku gwada "fasa tulu" da "fasa tafiya". Za ku ji na biyun ya fi tsawo. Kunnen da ya iya raba waɗannan, zai iya raba na Turanci.

A rubutu, haruffan "ea" su ne alamar dogon wasalin. Haka yake a "sit" da "seat", da kuma "hit" da "heat". In abin ya riga ya wuce, "live" yakan zama "lived", amma "leave" sai ya koma "left". Babu kalma "leaved" a nan.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Wanda ya rubuta wa shugaban makaranta "I want to live the school" yana neman izinin tafiya gida, bai faɗi abin da yake nufi ba. A jarrabawar WAEC ma akwai sashen da ake gwada irin waɗannan wasula. Mafi nauyi kuma shi ne a cikin sujada. Ranar Ista, idan mai karatu ya ce "Jesus lives", ya shaida cewa Yesu yana da rai. In ya ja wasalin, ya gaya wa jama'a cewa Yesu yana barinmu ke nan!

Aikin gwaji: ku cike waɗannan da kalmar da ta dace.

1. My parents ______ in Jos.
2. The lorry will ______ at six o'clock.
3. We ______ the farm yesterday.

Kowa ya karanta amsarsa da ƙarfi a gaban abokinsa, abokin kuma ya rubuta abin da kunnensa ya ji.