Idan An Gayyace Ka Bikin Chuseok a Koriya: Abin Yi da Abin Bari

Chuseok shi ne bikin kaka na mutanen Koriya. Yana faɗowa ranar 15 ga wata na takwas a lissafin watanninsu na gargajiya, daren da wata ya cika, wato cikin Satumba ko farkon Oktoba. A 2024 ya zo ranar 17 ga Satumba, a 2025 kuma ranar 6 ga Oktoba. A Koriya ta Kudu hutun kwana uku ake bayarwa: jajibiri, ranar bikin, da washegari. Biki ne na cikin gida, na dangi da kakannin da suka rasu, don haka ba kowa ake kira ba. Ɗalibanmu da 'yan kasuwa da masu aiki a masana'antun ƙasar, duk wanda abokin karatu ko abokin aiki ya ce masa ya zo gida Chuseok, ya sani an girmama shi matuƙa. Ga sharuɗɗan zuwa.

Ka faɗi iyakarka tun kafin ranar. Wannan shi ne gaba da komai. Da zarar an gayyace ka, ka zaunar da abokin naka ka gaya masa dalla-dalla: ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, ba ka sa goshi ƙasa don kowa, kuma za ka buƙaci wurin yin salla. Shi zai isar wa mahaifiyarsa, ita kuma ta san yadda za ta tsara girkinta. Kada kunya ta sa ka yi shiru sai an jera kwanuka, tsohuwa ta miƙo maka abin da ta yini tana soyawa, sannan ka janye hannu a gaban dangi. Wannan cin fuska ne, kuma laifinka ne, domin ka samu lokacin magana ka ƙi yi.

Kada ka bari sai jajibiri ka nemi abin hawa. Miliyoyin mutane ne ke barin Seoul a lokaci guda zuwa garuruwan iyayensu. Tikitin jirgin ƙasa mai sauri na KTX ana sayar da na Chuseok makonni kafin bikin, kuma nan da nan yake ƙarewa. Tafiyar mota daga Seoul zuwa Busan, wadda ake yi cikin sa'a huɗu zuwa biyar, takan kusan ninkawa saboda cunkoso.

Kada ka je hannu rabbana. Kwalin tuffa, ko na bae, wani ɗan itace mai zaƙi da yawan ruwa da suke ji da shi, ya wadatar. Masu hali kan kai naman shanun ƙasar da ake kira hanwoo ko jar saiwar ginseng, amma ba wanda zai sa ran haka daga ɗalibi. Ka miƙa da hannu biyu, ka karɓa da hannu biyu. Ka kuma sani cewa gwangwanin Spam na cikin kyaututtukan da aka fi rabawa a wannan lokaci, kuma naman alade ne. Idan an ba ka, kada ka yatsine fuska. Ka yi godiya, sannan a keɓe ka gaya wa abokinka ya bar wa gidan. Ɗalibi kuma kada ya ɗauki kyauta ya nufi ofishin malamin da ke ba shi maki: tun 2016 akwai dokar da ake kira ta Kim Young-ran, wadda ta taƙaita kyauta ga ma'aikatan gwamnati da malamai da 'yan jarida, kuma alherinka na iya jefa malamin cikin matsala.

Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka sa safa mai tsabta marar huji. Kada ka kira babba da sunansa. Mahaifin abokinka abeonim ne, mahaifiyarsa eomeonim, kaka mace halmeoni, kaka namiji harabeoji.

Yanzu ga wurin da ya fi buƙatar hankali. Da safiyar bikin, a gidajen da suka riƙe al'ada, ana yin charye, galibi a gidan babban ɗa. Ana shirya tebur da sabuwar shinkafa, da ƙullin shinkafa da ake kira songpyeon, da 'ya'yan itatuwa, ciki har da jar magaryarsu da wata babbar 'yar'uwar kanya, da kifi da nama da giyar shinkafa. Ana ajiye hoton mamaci ko takarda mai ɗauke da sunansa, a kunna turare, a zuba giya a ƙoƙo, sannan maza su durƙusa su kai goshi ƙasa sau biyu. Gare su wannan godiya ce ga kakanni da cika haƙƙin iyaye, bisa koyarwar Konfushiyas. Musulmi ba zai shiga sahun ba, kuma bai kamata ya yi kame-kame a kan haka ba. Ka koma baya ka tsaya a natse har a gama. Kada ka ɗauki hoto sai an ba ka izini. Kada ka yi dariya, kada ka latsa waya, kada ka taɓa komai a kan teburin.

Kada kuma ka buɗe wa'azi. Mutanen nan iyayensu suke tunawa, wani ma bara ya binne mahaifiyarsa. Ba ka zo gyara musu aƙida a falonsu ba, kuma ba wanda ya taɓa karɓar gaskiya daga baƙon da ya ci mutuncin mamatansa. Ƙin durƙusawa ba sabon abu ba ne a ƙasar. A 1791 an kashe wani Bakatolike mai suna Yun Ji-chung saboda ya ƙi yin bukukuwan kakanni. Sai a 1939 fadar Paparoma ta sassauta wa mabiyanta. Har yau yawancin Kiristoci 'yan Furotesta ba sa yin charye, addu'ar tunawa suke yi a madadinsa. Saboda haka idan ka ce addininka ya hana, za a fahimta, muddin ka faɗa da ladabi kuma da wuri. Wanda kuma addininsa bai hana shi rusunawa ba, ya kiyaye ƙidaya: mai rai sau ɗaya ake durƙusa masa, sau biyu na mamaci ne.

Bayan an gama, iyali kan ci abincin da aka sauke daga teburin, su kurɓi giyar, suna ganin albarka ce. Ka roƙa tun farko a keɓe maka naka kafin a ɗora. Sannan ka tambayi abin da ke cikin kowane kwano, kada ka dogara da ido. Songpyeon ƙullin shinkafa ne da ake cusa wa riɗi da sukari ko wake, a naɗe shi siffar rabin wata, a turara a kan siraran ganyen itacen sonamu. Wannan ba nama a ciki. Amma jeon, soye-soyen da ake tsomawa a gari da ƙwai, wasunsu na kifi ne ko kabewa, wasu kuwa niƙaƙƙen naman alade ne. Taliyar japchae ma wani lokaci da shi ake haɗa ta. Miyar gwaza ta toranguk da haƙarƙarin galbijjim na sa ne, sai dai ba yankan Musulmi ba ne, kuma akan zuba giyar girki a haƙarƙarin. Kifi da ganyaye da shinkafa da 'ya'yan itace sun ishe ka ƙoshi.

Kada ka ɗauki cokali kafin babban gida ya ɗauka. Kada ka soke cokali ko tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin matattu ake yi wa haka. Kada ka ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki. Kafin ci ka ce jal meokgesseumnida, bayan ci ka ce jal meogeosseumnida.

Ka tashi ka taimaka. A nan zan tsananta, domin maza baƙi sun fi faɗawa wannan kuskure. Nauyin Chuseok a wuyan mata yake, musamman matan 'ya'ya. Su ke zuwa gidan surukai tun jajibiri, su yini a durƙushe gaban kasko suna soya jeon, su jera, su kwashe, su wanke, alhali maza na zaune gaban talabijin. Gajiya da ɓacin ran da ke biyo baya sun yi yawa har 'yan ƙasar sun ɗauke su ciwo mai zaman kansa, kuma ma'aurata da yawa kan yi rigima a kan gidan iyayen wa za a fara zuwa. A 2022 malaman Konfushiyas na cibiyar Sungkyunkwan da kansu suka fito suka ce a rage kayan teburin, soya jeon ma ba dole ba ne. Kai da ka zo daga waje kada ka ƙara wa matan nan kaya. Ka kwashe kwanonka, ka nemi a ba ka wanke-wanke, ka zauna a naɗa songpyeon da kai ko da naka zai fito a karkace. Za a ce ka bari, kai baƙo ne. Ka sake nema. Mun san wannan hali a gidajenmu ranar Salla, kuma a can ɗin ma bai yi kyau ba.

Kada ka tambayi saurayi ko budurwa yaushe za a yi aure, ko ma'aurata yaushe za a haihu, ko nawa ake biyan wane. A ƙasar da adadin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, waɗannan tambayoyi gyambo ne, kuma saboda su matasa da yawa ke gudun zuwa gida. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare kuma jarrabawar Suneung na jiransa a Nuwamba. Ka bar shi ya huta.

Idan an tafi da kai kaburburan kakanni, galibi a gefen tsauni suke, an riga an nome ciyawarsu kafin bikin. Kada ka hau tudun kabari, kada ka zauna a kai. Ka tsaya gefe kamar yadda ka yi da safe.

Kada ka yi wasa da zancen Koriya ta Arewa. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya raba iyalai, kuma akwai tsofaffin da har yau ba su da hanyar zuwa kabarin iyayensu. Irinsu ne ke taruwa a Imjingak, kusa da iyaka a Paju, su fuskanci arewa su yi gaisuwarsu daga nesa. Ba ka san ko kakan gidan da kake ciki yana cikinsu ba.

Da dare akan baje katin go-stop ana sa 'yan kuɗi; caca ce, ka ce a'a. Kokawar ssireum kuwa ka kalla, wadda a al'ada gwarzonta sa yake samu, haka ma rawar da'ira ta mata, ganggangsullae, da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2009.

Wanda ba a gayyata ba kada ya kai kansa. Ya sayi abincinsa tun da wuri, domin ƙananan shaguna da gidajen abinci da yawa kan rufe. Fadojin sarakuna na Seoul irin su Gyeongbokgung kan buɗe kyauta a kwanakin hutun, babban masallacin Itaewon da aka buɗe a 1976 kuma yana nan. Wanda aka gayyata kuwa, ya kira washegari ya yi wa eomeonim godiya da bakinsa, kada ya aika ta hannun ɗanta.