Darasin Kimiyya: Lissafin Harajin Gidan Saukar Baƙi a Kabong

Ɗalibai, darasinmu na yau zai fara da tsauni, ya ƙare da lissafi.

Birnin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas. Wannan ne ya sa Jos ta fi garuruwan kwari sanyi, shi ne kuma yake jawo baƙi daga Abuja, Kano da Legas, musamman a watan Disamba. Wasu sun zo biki ne, wasu sun zo ganin gandun namun daji na Jos, ko gidan tarihin da aka buɗe a 1952, ko duwatsun Shere. Ba kowa ke son otal ba. Mai iyali ya fi son gida mai falo da kicin, ya yi kwana uku ko mako guda ya tafi. Mutumin da ke da irin wannan gida a Kabong, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sana'a yake yi, kuma hukuma tana da rabo a ribarsa.

Ku lura da kalmar riba. Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairun 2026, ta yarda a cire kuɗin da aka kashe kacokan domin samun kuɗin shigar kafin a lissafa haraji. Man janareta, kuɗin wuta, albashin mai shara da wanki, kamashon dillali ko na manhaja irin Airbnb, gyaran famfo, sabunta fenti, duk sun shiga. Ƙara sabon ɗaki kuwa ba gyara ba ne, jari ne, kuma lissafinsa daban.

A nan ne kimiyya ta shigo sosai. Kayan gida ba sa mutuwa rana ɗaya. Ƙarfe idan ya haɗu da danshi da iskar oksijin sai ya yi tsatsa, ga daminar Jos tana kai wata shida. Soson katifa cike yake da ƙananan ramukan iska, nauyi yana danne su dare bayan dare har su kasa tashi. A cikin janareta ƙarfe yana gogar ƙarfe, kowace gogayya tana cin wani abu komai ƙanƙantarsa. Hitar ruwa, wadda baƙon Jos ba ya yafewa a lokacin hunturu, ƙarfenta yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, har wata rana ya tsage. Duk wannan asara ce ta gaske, ko da mai gida bai ga kuɗi sun fita daga aljihunsa ba. Shi ya sa doka ba ta barin a cire kuɗin kujeru da gadaje gaba ɗaya a shekarar da aka saye su. Ana rarraba shi ne, kashi 20 cikin ɗari kowace shekara. A ganina wannan tsari ya yi daidai da yadda kaya suke tsufa a zahiri.

Ku ɗauki biro, mu yi misali da alƙaluman da na ƙirƙira domin aji kawai. A ce gida ya samu baƙi dare 120 a shekara, kowane dare naira 40,000. Jimla naira 4,800,000. Mai, wuta, shara, gyara da kamasho sun ci 1,800,000. An zuba kayan ɗaki na 2,000,000, kashi 20 ɗinsu 400,000 ke nan. Ku cire biyun. Saura 2,600,000.

Harajin mutum hawa-hawa ne. Naira 800,000 na farko ba haraji. Naira 2,200,000 da ke biye, kashi 15. Naira 9,000,000 na gaba, kashi 18, a ci gaba har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai gidanmu zai biya kashi 15 na 1,800,000, wato 270,000.

To, da bai ajiye rasit ko ɗaya ba fa? Sai a lissafa masa a kan 4,800,000. Hawa na biyu ya ba da 330,000, ragowar 1,800,000 kuma ta faɗa hawan kashi 18, ta ba da 324,000. Jimla 654,000. Bambancin naira 384,000 ne, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin yawancin masu ƙananan sana'o'inmu suna sayen mai da biyan mai gyara hannu da hannu, ba takarda.

Sharaɗi biyu suna canja wannan lissafi. Idan mai gidan yana da albashi, ana haɗa shi da ribar gidan ne, sassaucin 800,000 ɗin kuma sau ɗaya ake samunsa. Idan kuma shi da iyalinsa suna sauka a gidan wani lokaci, man da wutar da suka sha ba na sana'a ba ne, dole a ware su gwargwadon kwanakin.

Mutum ɗaya mai zaman kansa da ke zaune a Jihar Filato yana kai bayanin kuɗin shigarsa ga Hukumar Tara Haraji ta Jihar Filato, zuwa 31 ga Maris na shekara mai biyowa.

Aikin gida: ku sake lissafin da dare 150, sannan ku ɗauka cewa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin mai da wuta, waɗanda suka kama 900,000, iyalin mai gida ne suka sha.