Tsakanin Amincewar Baki da Shirin Aiki: Nazarin Ma'aunin RIPLS a Kan Ɗaliban Kiwon Lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake auna shirin ɗaliban fannonin kiwon lafiya na koyon darasi tare da juna. An mayar da hankali kan ma'aunin RIPLS, aka nuna cewa amincewar da ɗalibi ya rubuta a takarda ba ta isa hujjar cewa ya shirya ba, musamman a tsakanin Hausawa, inda kunya da girmama na gaba suke da tasiri a kan furuci.

1.0 Gabatarwa

Tun a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto tana kira da a riƙa koyar da ma'aikatan lafiya tare, ta kuma sake jaddada hakan a 2010. Abin nufi shi ne ɗalibai daga fannoni biyu ko fiye, kamar likitanci da jinya da haɗa magunguna, su koya tare, su koya daga juna, su kuma san aikin juna. Zama a ɗakin lacca ɗaya kawai bai cika wannan sharaɗi ba. A Nijeriya kuwa, kowane fanni yana da hukumar da ke tsara manhajarsa, ɗalibai kuma sukan haɗu ne da gaske sai a gaban gadon majinyaci.

2.0 Ma'aunin RIPLS

Parsell da Bligh ne suka wallafa wannan ma'auni a Ingila a 1999. Ya ƙunshi jimloli 19, ɗalibi yana nuna matakin amincewarsa da kowace a bisa matakai biyar. An kasa jimlolin gida uku: aikin haɗin gwiwa, da alfahari da sana'a, da sanin matsayi da nauyin kowa. A 2005 McFadyen da abokan aikinsa suka mayar da su gida huɗu. Kashin da ya shafi matsayi shi ne mafi rauni, domin jimloli uku ne kacal, amsoshinsu kuma ba sa tafiya tare yadda ake buƙata. A 2015 Mahler da Berger da Reeves sun soki ingancin ma'aunin.

3.0 Matsalar Harshe da Al'ada

Yawancin jimlolin suna yabon haɗin kai ne. Da wuya ɗalibi ya ce bai yarda da girmama abokin aiki ba, balle idan malaminsa ne ya raba takardar. Bahaushe yakan ce "to" ko "haka ne" don kawaici, ba lallai don gamsuwa ba. Saboda haka maki mai yawa yana iya nuna ladabin mai amsawa fiye da shirinsa.

Sunayen ma'aikatan ma sun cancanci kulawa. A bakin majinyata da dama, "likita" tana ɗaukar kusan duk namijin da ya sa farar riga a asibiti, mace kuma a kira ta "nas" ko da ita ce likitar. Ɗalibi yana shiga jami'a da wannan jerin daraja a kansa. Akwai jimla a ma'aunin da ke cewa aikin ma'aikatan jinya tallafa wa likita ne. Idan aka fassara ta da "taimako", kalmar da Bahaushe yake ɗauka abin yabo, ɗalibar jinya za ta iya amincewa da ita ba tare da ta ji an rage mata matsayi ba, sakamakon kuma ya karkace.

Haka nan ɗaliban sun san takun-saƙar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar JOHESU kan albashi da shugabancin asibitoci, wadda ta bayyana ƙarara a yajin aikin Afrilu zuwa Mayun 2018. Babu jimla ko ɗaya a RIPLS da ta taɓo irin wannan.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne aiki. A haɗa ɗalibai a kan matsalar majinyaci ɗaya, a sa kuskuren adadin magani a takardar da gangan, sannan a ga ko ɗalibin haɗa magunguna zai yi magana, da irin lafazin da zai yi amfani da shi, da kuma ko ɗalibin likitanci zai karɓi gyaran a gaban jama'a.